Koya wa yara barin abin da ba ruwansu a makaranta

 

Kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, yara suka koma makarantun boko da na faransanci da larabci, Islamiyyu kuma suka cika da yamma, akwai wata irin ƙara da ke yawaita a gaban limamai da masu unguwanni. Gidaje biyu ne maƙwabta, shekaru suna zaman lafiya, sai ga shi an daina gaisawa, matan sun daina shiga gidan juna ko da barka ko ta'aziyya. Idan aka bi salsalar maganar sai a tarar daga bakin yaro ta fito. Wata ta dawo daga makaranta ta ce wance ta ce an saki uwarta, ko wani ya ce ya ga an kori wane daga aji saboda ubansa bai biya kuɗi ba. Uwa ta ɗauka ta kai wa ƙawarta, kafin Magariba magana ta koma inda ta fito, ta ƙara tsawo da faɗi. Yaran da suka haddasa abin, washegari za ka gan su suna wasa tare. Manyan ne za su shekara ba sa ga maciji.

Wannan ne ya sa muka ga dacewar yin bayani a kan wani ladabi da duk wanda ya zauna gaban malami ya taɓa jin sa. Shi ne hadisi na 12 a cikin Arba'una na Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira. Ma'anarsa ita ce Musuluncin mutum yana ƙara kyau idan ya rabu da abin da bai shafe shi ba. Tirmizi ya ruwaito shi daga Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, Imamu Malik kuma ya kawo shi a Muwaɗɗa ta hanyar Aliyu ɗan Husaini ba tare da ambaton sahabi ba. Don amfanin ɗalibai mu faɗa cewa manyan masana hadisi na farko da dama sun fi rinjayar da wannan ruwaya ta Malik, Nawawi kuwa ya ce hadisin kyakkyawa ne. Saɓanin a kan isnadi yake, ma'anar kam babu wanda ya yi jayayya a kanta. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala da muke karantawa a zaurukanmu, ya ƙidaya shi cikin hadisai huɗu da ya ce dukkan ladubban alheri daga gare su suke rassa. Sauran ukun su ne na faɗin alheri ko yin shiru, da na hana fushi, da na so wa ɗan'uwa abin da kake so wa kanka. A Muwaɗɗa ɗin dai an kawo cewa an tambayi Luƙmanu abin da ya kai shi matsayin da ya kai, ya ambaci abu uku: gaskiyar zance, da mayar da amana, da barin abin da ba ruwansa.

Harshenmu ma bai bar wannan hali ba suna ba. Muna cewa shisshigi, da katsalandan, da sa ido, da tsegumi, da ƙarambani, da shiga sharo ba shanu. Yawan sunayen kaɗai ya isa ya nuna cutar ta daɗe a cikinmu, kuma kakanninmu sun san ta.

To amma mene ne abin da ya shafi yaro ɗan shekara 9 a cikin aji, mene ne kuma abin da bai shafe shi ba? Nan ne aikin yake. Ibnu Rajab, a sharhin da ya yi wa hadisin, ya ja hankali cewa shari'a ce ma'aunin, son zuciyar mutum ba ya cikin lissafi. Wato ba yadda za a yi mutum ya ga abin da Allah ya ɗora masa ya ce ba ruwansa, ko ya ga abin da ransa ke kwaɗayin sani ya ce ai ya shafe shi. Yaro kuwa bai iya wannan rarrabewa da kansa ba, sai an zauna an nuna masa ɗaya bayan ɗaya, da misalan da yake gani kullum.

Abin da ke cikin jakar wani ba ruwansa. Makin da wani ya samu a jarrabawa, in mai shi bai nuna masa ba, ba ruwansa. Haka kuɗin da aka ba wani na sayen abin taɓawa, ko dala ashirin ne ko jaka guda. Haka dalilin da ya sa darakta ya kira wani ofis, da maganar da yara biyu suka keɓe suna yi. A kan wannan na ƙarshe Bukhari ya ruwaito gargaɗi mai tsanani daga Ibnu Abbas, cewa mai kasa kunne ga zancen mutanen da ba sa son ya ji, narkakkiyar darma za a zuba masa a kunne ranar Alƙiyama. Suratul Hujurati a aya ta 12 ta haɗa abu uku a jere ta hana: mummunan zato, da bin diddigin sirrin mutane, da yi da mutum a bayan idonsa. Wanda ya lura da yara zai ga da wannan jerin suke tafiya. Zato ne ke fara shiga zuciya, sai a leƙa don a tabbatar, sai a ɗauka a kai gaba.

Akwai wani nau'in da mutane ba su cika ɗaukarsa laifi ba, shi ne tambaya. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa cututtukan harshe guda 20, ta farko a cikinsu ita ce magana a kan abin da bai shafi mutum ba. Ya kawo misalin wanda zai tambayi ɗan'uwansa ko yana azumi. In ya amsa da e, ana jin tsoron riya ta shige shi, in ya ce a'a alhali yana yi ya yi ƙarya, in ya yi shiru an ce ya wulaƙanta mai tambaya. Tambaya ɗaya ta jefa bawan Allah cikin tsaka mai wuya. Duk wanda ya san makarantunmu a watan Ramadan ya san wannan misali kamar don 'ya'yanmu aka kawo shi. Azumi nawa ka kai? Fito da harshenka mu gani. Yarinyar da ta fara girma, wadda shari'a ta ɗauke mata azumin waɗannan kwanaki, sai ta wuni da ƙishirwa ko ta yi ƙarya, don gudun bakin 'yan ajinsu. Mu kwatanta da sauran tambayoyin da yara ke yi wa juna. Me ka ci da safe? Don me kullum rigarka ɗaya? Ina babanka? A jihar Maradi da Diffa akwai yaran da rikici ya raba da garuruwansu, suna zaune a aji ɗaya da 'ya'yanmu. Wani an kashe mahaifinsa yana kallo, wani har yau ba a san inda nasa yake ba. Tambayar da ɗanka ya yi da wasa, shi wancan da ita zai kwana.

Mafi muni a wannan babi shi ne tonon asali. Ajin makaranta a Yamai ko Tawa ko Damagaram ya tara Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Buzu da Babarbare, ya tara ɗan malami da ɗan maƙeri da ɗan mahauci. Yaro ɗan shekara 7 bai san wani abu wai shi asali ba. Duk ranar da ka ji ya ce wa wani ku ai bayi ne, ko ku ai maroƙa ne, to a tsakar gida ya ji, a bakin wanda yake girmamawa.

Wannan ya kawo mu ga iyaye. Yaro yana koyon abin da ake saurara masa a kai. Idan ya dawo ya ce yau mun koyi rarraba lissafi, aka ce masa to madalla ba tare da an ɗaga kai ba, sannan ya ce yau uwar wance ta zo makaranta tana kuka, nan take aka ajiye muciya aka ce zo nan, me ya faru, wa ya gani, to an gama karantar da shi. Ya gane irin labarin da ke da kasuwa a gidansu, gobe zai nemo wanda ya fi shi, in bai samu ba ya ƙirƙira. A wasu gidajen ma aike ake yi. Uwa ta ce wa ɗiyarta ta lura mata da 'ya'yan kishiya a makaranta, nawa ake ba su, me suke saye, da wa suke tafiya. Wannan renon ɗan leƙen asiri ne, kuma ranar da ya girma a kan mai renon zai fara gwada sana'ar.

Mu dubi yadda wata uwa ta yi a Madina. Muslim ya ruwaito cewa Anas ɗan Malik, wanda ya fara yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima yana ɗan shekara 10, wata rana yana wasa da yara sai Annabi ya zo ya yi musu sallama, ya aike shi wata buƙata. Ya yi jinkirin komawa gida. Mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi abin da ya tsare shi, ya ce aikensa aka yi. Ta ce wace buƙata ce, ya ce sirri ne. Ba ta ce ni da na haife ka za ka ɓoye wa ba. Ta ƙarfafa shi ne a kan kada ya faɗa wa kowa. Anas ya tsufa, ya rayu shekaru masu yawa a Basra, bai taɓa faɗin wannan sirri ba, har ga ɗalibinsa Sabitu da yake ƙauna. Tambayarta ta farko haƙƙinta ce, domin uwa dole ta san inda ɗanta ya tsaya. Da magana ta kai iyakar abin da ya shafe ta, sai ta tsaya, yaron kuma yana kallo.

Sai dai akwai haɗari a ɗaya gefen, kuma a ganinmu ya fi na farko girma. Iyaye da yawa, don gudun fitina, sukan taƙaita tarbiyyar a kalma biyu: ba ruwanka. Duk abin da ka gani a makaranta ka kama bakinka. Yaron da aka yi wa wannan horo zai ga manyan yara sun tare ƙarami bayan aji suna ƙwace masa kuɗi kullum, ya wuce. Zai ga wani ya shigo da wuƙa ko ƙwayoyi, ya yi shiru. In wani babba, malami ne ko mai gadi ko mai shago a bakin makaranta, ya fara jan shi ko jan abokinsa zuwa keɓantaccen wuri, yana ba shi alewa yana cewa wannan sirrinmu ne, ba zai faɗa ba, domin an koya masa cewa yaron kirki ba ya kawo magana gida. Masu lalata yara da wannan shirun suke cin kasuwarsu. Karin maganar da ke cewa faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi, halin mutane ta faɗa, ba hukuncin shari'a ba. Manzon Allah ya umarce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi ake zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Hadisi na 34 a Arba'una ɗin nan dai, na gusar da abin ƙi gwargwadon iko, yana cikin littafi ɗaya da na 12, ba kuwa za su yi karo ba. Cutar da ake yi wa ɗan ajinku ta shafe ka, shari'a ce ta ce ta shafe ka.

A nan ma akwai yaro a cikin sahabbai da ya isa misali. Zaidu ɗan Arƙam, wanda aka mayar da shi gida ranar Uhudu saboda ƙarancin shekaru, yana cikin wata tafiya ya ji Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai, yana zuga mutanensa su daina ciyar da waɗanda ke tare da Annabi, yana kuma barazanar korarsu idan aka koma Madina. Zaidu bai zaga cikin runduna yana yaɗawa ba. Ya je wurin baffansa ya faɗa masa, baffan ya kai wa Annabi. Ɗan Ubayyu ya zo ya rantse bai faɗa ba, aka gaskata babba aka ƙaryata yaro. Zaidu ya ce baƙin cikin da ya same shi bai taɓa jin irinsa ba, har ya zauna a gida. Sai Allah ya saukar da Suratul Munafiƙuna, Annabi ya aika aka kira shi ya karanta masa, ya shaida masa cewa Allah ya gaskata shi. Bukhari ya kawo ƙissar. Yaro ne ya ɗauki magana daga wani wuri ya kai wani wuri, ba a kira shi annamimi ba, domin maganar cutarwa ce ga jama'a, ya kai ta ga wanda zai iya magance ta, bai ƙara ba bai rage ba.

Saboda haka malamai, irin su Nawawi a Riyadus Salihina, suka ware wurare 6 da ambaton laifin mutum a bayansa yake halatta, daga ciki har da kai ƙarar zalunci, da neman taimakon wanda zai iya hana ɓarna, da gargaɗin mutane daga sharri. Ɗan shekara 8 ba zai riƙe wannan lissafi ba. Abin da zai iya riƙewa shi ne tambayar da za a saba yi masa duk lokacin da ya kawo labari: akwai wanda aka cuta, ko ake shirin cuta? In akwai, zauna ka faɗa mini duka, kuma ka yi daidai da ka faɗa. In babu, sai a ce masa to me kake so ya faru da wane idan na ji? Sau da yawa yaron zai yi shiru, don ya san amsar ita ce yana so a doke shi, ko a yi masa dariya. Wannan shirun ya fi bulala goma amfani. Kada dai a kore shi tun bai buɗe baki ba. A fara saurara, sannan a tace. Yaron da aka daka wa tsawa yau a kan ƙaramar magana, gobe ba zai kawo babba ba.

Ƙanana kuwa, 'yan ƙasa da shekara 7, a yi musu sauƙi. Mai shekara 5 da ke zuwa kowane lokaci yana cewa wane ya ci da hagu, wane bai cire takalmi ba, ba gulma yake yi ba, dokar da aka koya masa jiya yake gwadawa ya ga ko tana nan. Ya isa a ce masa haka ne, da dama ake ci, kai ka ci da damarka.

Akan tambaye mu game da satar amsa. Yaro ya ga na kusa da shi yana leƙa takarda, ya faɗa ko ya yi shiru? Abin da muke gani shi ne, in takardarsa ake leƙa, ya rufe abarsa, domin bari a kwafa taimako ne a kan ha'inci. Bayan an fito ya yi wa abokin nasiha tsakaninsu. In malami ya tambaye shi kai tsaye, ya faɗi gaskiya. Amma ya ajiye alƙalaminsa ya koma gadin aji yana neman wanda zai kama, wannan aikin mai tsaron jarrabawa ne, shi kuma lokacinsa ne ke tafiya. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Malaman makaranta su ma suna da kaso. Ajin da ya tara yara masu yawan gaske, malami ɗaya ba zai iya ganin komai ba, mun san da haka. Amma al'adar nan ta a ɗora yaro ɗaya ya rubuta sunayen masu surutu idan mushe ya fita, a dawo a bi sunayen da bulala ba bincike, tana ɓata yaron da aka ɗora fiye da waɗanda aka doka. Cikin mako biyu zai gane yana da abin sayarwa. Mai ba shi ƙosai ba ya shiga takarda, wanda suka yi faɗa jiya shi ne na farko. Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan hijira, ya rubuta ɗan littafi a kan ladubban masu koyarwa, a ciki ya kawo cewa malami ba zai sa yaro ya doki ɗan'uwansa ba, kuma ba zai hukunta wani da maganar wani ba sai in labarin cutarwar ya zo daga yara da yawa, ko mai laifin ya amsa, ko masu faɗin an san su da gaskiya. In za a ba shugaban aji aiki, a ba shi share allo da raba littattafai da kiran malami idan wani ya ji ciwo.

Fiƙihunmu na Malikiyya yana da wata mas'ala da ta dace a tuna a nan. A Muwaɗɗa da Risala an karɓi shaidar yara a tsakaninsu game da rauni, da sharaɗin ba su watse ba, kuma babba bai shiga tsakaninsu ba. Dubi hikimar. Idan jini ya zuba, maganar yaro tana da nauyi har a gaban alƙali. Abin da ake tsoro shi ne bakin manya, masu cewa ka ce kaza, kada ka ce kaza. Don haka idan an yi faɗa a makaranta, darakta ya tambayi yaran nan take, kowa shi kaɗai, kafin iyaye su iso.

Sai wayar hannu, wadda ta mayar da sa ido sana'a mai kayan aiki. A da, mai tsegumi mutum biyar yake faɗa wa. Yau 'yan koleji biyu na dambe, ashirin sun kewaye su da wayoyi, babu mai rabawa, kafin a tashi hoton ya shiga WhatsApp da TikTok. An bar abin da ya shafe su, wato rabon faɗa ko kiran malami, an kama wanda bai shafe su ba. Yarinyar da aka ɗauka ɗankwalinta ya faɗi, hoton zai iya biyo ta har ranar da za a zo neman aurenta. Uban da ya saya wa ɗansa waya, ya gaya masa tun ranar farko cewa ɗaukar hoton mutum ba da izninsa ba leƙe ne, tura abin da aka turo maka na aibin wani kuma ɗaukar magana ce, ko da bai furta kalma ɗaya ba. Ya kuma duba abin da shi kansa yake turawa a gaban yaron.

Allah ya shirya mana zuri'armu, ya tsare su daga cutarwa da cutar da wani. Wallahu a'alamu.